Mahadi Jatau Ya Tafi da Shaidar Saude a Bakinsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, ashirin ga Agustan 2025, cikin kwanakin ƙarshe na watan Safar, Allah ya karɓi ran aminina kuma abokin sana'ata, Injiniya Mahadi Jatau Ruwan Bore, a hatsarin mota daf da Kwatarkwashi, yana dawowa Gusau daga Tsafe. Da hantsi abin ya faru, ana yayyafi. Ina ofis ina kwance wata kwamfuta aka kira ni da wayarsa, muryar da na ji ba tasa ba ce. Bayan la'asar muka sallace shi a ƙofar gidansa da ke Tudun Wada, muka kai shi makwancinsa. Ya bar mahaifiyarsa Inna Yelwa, da matarsa Hafsatu, da 'ya'ya uku.

Na jinkirta rubuta wannan ta'aziyya, domin duk sa'ad da na zauna sai haushi ya riga hawaye fitowa. An ce in bari zuciyata ta huce. To, ta ƙi hucewa, kuma akwai wata baiwar Allah a Tsafe da ba za ta iya jiran hucewata ba. Sunanta Saude, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a wani asibitin kuɗi da ke Bungudu. An kore ta bisa zargin tona asirin marasa lafiya, laifin da ba ta aikata ba. Mutumin da ya gano yadda aka yi, wanda ya tsaya mata, shi ne muka binne. Saboda haka, Mahadi, ka yi haƙuri, yabonka zai zo gauraye da faɗa. Ai ka saba da ni Yusha'u da bakina.

Tun jami'a muke tare. Da muka gama, wasu abokanmu suka nufi Abuja da Legas, kai kuwa ka kafe sai Gusau, ka ja ni muka buɗe ofis ɗaya. Ni ke jan waya, ni ke haɗa kwamfutoci, ni ke faɗa da masu kawo gyara. Kai kana can kusurwa da kofin shayi da hoce a takarda, kana karanta rubutun manhaja layi bayan layi kamar mai tilawa. Mutane da yawa sun ɗauka mai gyaran kwamfuta ne kawai. Ba su san injiniyoyin ƙasashen waje suna aiko maka da tambaya ba, kai ma ba ka taɓa faɗa ba. Idan na yi maka tsiya na ce ɗan Ruwan Bore ya zama malamin Turawa, sai ka ce in rufa maka asiri in miƙo maka sukari.

Alherinka ba mai hayaniya ba ne. Shekarar da aka katse layukan waya a jihar nan, kai ne kake cika jaka da wayoyin maƙwabta ka shiga mota zuwa Funtua inda layi ke aiki, ka tura saƙon kowa, ka karɓo amsar kowa, ka dawo kana bi gida-gida. Tsofaffin Tudun Wada har yau ba su manta ba. Wata dattijuwa ta zo zaman makoki da 'yar wayarta a ƙulle a bakin zane, ta ce ita yanzu wa zai riƙa nemo mata muryar ɗanta idan ta ɓace a ciki?

Zan bayyana aikinka yadda ka bayyana wa Inna, don ban taɓa jin bayanin da ya fi shi ba. Muna Ruwan Bore da kaka, ta dube ka ta ce ita har yau ba ta san mi kake yi wa mutane ba. Ka ɗauko 'yar ƙwarya ka ajiye jikin tukunyar miyarta, ka ɗauki kwanon gero ka yi ta zubawa. Ƙwarya ta cika, ka ci gaba. Gero ya tumbatsa ya gangara cikin miya.

"Kai Mahadi! Ba ka gani ta cika?" in ji Inna, ta kai maka duka da marar kwasar tuwo.

"To Inna, laihin wa? Na ƙwarya ko na gero?"

"Laihin sakaran da ya zuba bai duba ba."

Ka ce to shi kake nema, sakaran da ke zubawa ba ya dubawa, sai dai naka a cikin kwamfuta yake. Ranar tuwo da man shanu da yaji muka ci, kuma Inna ba ta yafe maka miyar nan ba sai da ka sayo mata sabuwar tukunya.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, ga abin da yake nufi. Duk na'urar da aka maƙala wa kwamfuta tana da 'yar manhajar da ke yi mata tafinta, mu muna ce mata direba. Direban nan ba a zaure yake zama ba, a can ƙuryar manhajar kwamfuta yake, wurin da muke kira kenel, inda duk abin da aka faɗa umarni ne, babu mai tambayar dalili. Idan saƙo ya shigo daga waje, direba yakan zuba shi a wani ɗan ma'aji mai iyaka. Direban kirki sai ya auna tsawon saƙon tukuna. Na banza kuwa zubawa kawai yake yi, abin ya tumbatsa ya hau kan abin da ke gefe. Idan tsautsayi ne, kwamfuta ta mutu a sake kunnawa. Idan kuwa mugu ne ya tsara saƙon da gangan, abin da ya malalo shi zai zama umarni, kwamfutar ta koma tasa, ba tare da ya san lambar sirrin kowa ba. Irin wannan ɓaraka Mahadi yake farauta.

Bana da bazara, sakamakon gwajin wasu mutanen Bungudu ya fara yawo a wayoyi. Sunan mutum, unguwarsa, da ciwon da aka same shi da shi, har da masu ciwon hanta da masu cuta mai karya garkuwar jiki. Kowa ya san abin da wannan yake nufi a garin da kowa ya san kowa. Akwai wanda aka daina cin abinci da shi, akwai mai sayar da fura da ta rasa masu saye. Hankalin mai asibitin ya tashi, ya kafa kwamiti, kwamiti ya duba ya ga Saude ce kaɗai ke da lambar sirrin kwamfutar ɗakin gwaji. Shi ke nan, an samu mai laifi. Aka dakatar da ita, aka ce idan ta tabbata za a kore ta a kuma kai ƙararta wurin masu ba da lasisin aiki.

Mu aka kira mu duba kwamfutar, da nufin mu buga hatimi a kan abin da aka riga aka yanke. Ni da na leƙa ban ga komai ba. Kai ne ka sunkuya bayan tebur ka zaro wata 'yar na'urar wayifai mai kama da filashi, irin mai arhar nan da ta cika kasuwar Gusau, ka juya ta a hannu. Ka tafi da ita ofis, ka yi kwanaki ba ka kula kowa. Ran nan da safe ka ce in kunna kwamfutata in maƙala na'urar in sa lambar sirrin da ni kaɗai na sani. Ka ɗauki taka ka fita ka zauna a bencin mai shayi. Kafin shayinka ya huce, sai ga hotunan bikin ƙanwata da ke cikin kwamfutata a tafin hannunka. Direban na'urar yana karɓar sunan kowane wayifai da ya ji a iska ya zuba ba awo. Kuma a kwamfutar asibitin ka tarar da sawun wanda ya bi ta wannan hanya, a ranakun da Saude ma tana hutu.

Na yi tsalle na ce alhamdu lillahi, mu tafi Bungudu yanzu mu nuna musu. Sai ka ce a'a.

Nan ne faɗanmu ya fara, kuma har ka bar duniya bai ƙare ba. Masu farautar irin wannan ɓaraka suna da wata al'ada da suke riƙe da ita kamar amana. Idan ka gano, ba ka shela. Kamfanin da ya yi na'urar kake gaya wa a asirce, ka ba shi lokaci, galibi wata uku, ya toshe ya fitar da gyara, sannan ka yi magana. Dalilin a fili yake, ban taɓa musu a kansa ba. Na'urar nan tana shagunan masu cirar kuɗi, tana makarantu, tana asibitoci daga Gusau har Tsafe. Ka ce mini a jihar da sanin abin da mutum ya mallaka kan jawo masa baƙin da bai gayyata ba, ba za ka zama mai koya wa mutane yadda ake leƙa kwamfutar wani daga bakin titi ba. Ka ce yanzu mutum ɗaya ko biyu ne suka sani, idan bayani ya fita kafin gyara, kowane taƙadari mai kwamfuta ya samu mabuɗi.

Na ce to Saude fa? Ka ce za ka tsaya mata da bakinka da mutuncinka. Kuma ka sa na yi maka alkawarin ba zan faɗi yadda ake yi ba, ba zan ko ambaci inda ɓarakar take ba, sai gyara ya fito. Na yi alkawarin ina huci.

Ka je gaban kwamiti ka ce an shiga kwamfutar ne daga waje, ba da lambarta ba. Shugaban kwamitin ya ce gani ya kori ji, ka rubuta musu dalla-dalla a raba wa kowa. Ka ce ba ka iya rubutawa yanzu, amma a kawo injiniya ɗaya da suka amince da shi, ku shiga ɗaki ku biyu ka nuna masa. Suka ƙi. Me ya sa suka ƙi? Ni dai ban shiga zuciyar kowa ba, amma lissafin ba mai wuya ba ne. Idan kwamfuta ce ta yi yoyo, asibiti ne zai amsa tambayar mutanen da aka tozarta. Idan ma'aikaciya ce, a kore ta a wanke hannu. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kowa a ɗakin nan ya sani. Abin da ka samu kawai shi ne a ɗage hukunci har ka samu damar magana.

Kamfanin kuwa, Allah ya isa tsakaninmu da su. Saƙonka na farko sai da aka yi makonni kafin su amsa, amsar ma tambaya ce ko ka gwada kashe kwamfutar ka kunna. Mutumin da ya aika musu da layin da kuskuren yake, har da gyaran da za a yi, shi ake tambaya ko ya gwada kashewa da kunnawa! Gyaran nan fa bai wuce a ce direba ya auna kafin ya zuba ba. Wa'adi ya cika suka roƙi ƙari, wai injiniyansu ya tafi hutu. Na ce kada ka ba su. Ka ba su. Na ce maka su suna hutu a bakin teku, wata tana Tsafe ba ta iya zuwa suna ko biki. Ka ce ka sani, kuma na ga a fuskarka ka sani ɗin, don a watannin nan ka rame har wandonka yana zamewa. Ka ce, "Yusha'u, ba don su nake shiru ba." Na tashi na bar maka ofis, na yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Amma ba zaman jira ka yi ba, wannan dole in faɗa. Ka cire na'urar daga asibitin Bungudu ka ja musu wayar intanet kyauta. Ka hau babur cikin damina kana bin asibitoci da makarantu da shaguna, kana roƙon a cire 'yar na'urar nan a koma jan waya. Su ce me ya sa? Ka ce ba ka iya faɗi tukuna, su yarda da kai. Kaɗan suka yarda. Saura suka ce ai injiniya tasa yake son sayarwa. Wani ɗan sana'armu, wanda kai ka koya masa riƙe sukudireba, ya bi bayanka yana mayar da ita inda ka cire, yana cewa Mahadi karatu ya yi masa yawa. Na gan shi a sahun gaba ranar jana'iza yana share ido. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Tafiyarka ta ƙarshe ma saboda Saude ce. Mahaifinta, Malam Arzika, manomi ne daga 'Yankuzo da rashin zaman lafiya ya dawo da shi Tsafe. Ka ji labarin ya daina zama majalisa, ya koma sallar asuba a wani masallaci mai nisa don kada a nuna shi. Ka yi sammako ka je ka same shi. Ban san ka tafi ba sai da aka kira ni. Shi ya ba ni labarin da ya zo gaisuwa, yana riƙe da hannuna ya ƙi saki. Ya ce ka durƙusa ka ce masa, "Baba, ɗiyarka ba ta ci amanar kowa ba. Na gani da idona, kuma in Allah ya so zan faɗa gaban kowa." Ya ce tun da abin ya faru, kai kaɗai ka tako ƙafa ka gaya masa haka. Ya raka ka har tasha, ya ga tashin motar.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Ba a yi sadakar bakwai ba kwamiti ya zauna. Shugabansa ya halarci jana'izarka, kafaɗarsa tana gogar tawa a sahu. Wannan mutumin ne ya buɗe zama ya ce a kira mai shaida, aka kira sunanka a baranda kamar ana jiran ka fito daga bayan gida, sannan ya ce tun da mai shaida bai gabatar da hujja ba, magana ta ƙare. Ina wurin. Na miƙe na ce ni na ga abin da Mahadi ya gani. Aka ce to in faɗa. Mahadi, ka san abin da ka yi mini? Hujja tana bakina, alkawarinka yana wuyana, gyara bai fito ba. Na ce a ba ni lokaci, aka ce ba ni aka gayyata ba. Aka kori Saude ina tsaye. Ban taɓa jin haushinka irin na ranar ba, kuma ban taɓa kewarka irin ta ranar ba.

Mako biyu bayan haka kamfanin ya fitar da gyara. A ƙasan sanarwarsu sun rubuta suna godiya ga Mahadi Jatau na Najeriya saboda haƙurinsa da haɗin kai. Hafsatu ce ta ga saƙon a wayarka ta miƙo mini, ta ce ita ba ta gane ba, abin farin ciki ne? Na kwashi bayanin duka na tafi Bungudu a ranar. Mai asibitin ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya yi maka addu'a mai tsawo, sannan ya ce ai an riga an ɗauki wata, tone-tone ba shi da amfani, a bar wa Allah. Da ƙyar na sa ya yarda ba zai kai ƙararta wurin masu lasisi ba, wai ya yi mata alfarma.

Daga nan na wuce Tsafe. Na tarar da Saude a tsakar gida tana tsince wake, ta yi mini gaisuwar rashinka tana kuka kafin in buɗe baki. Na gaya mata yadda muka yi da mai asibitin. Ta ce, "Malam Yusha'u, aikin ya tahi, na haƙura. Sunana nika so. Ku rubuta inda mutane za su gani."

To ga shi na rubuta, kuma yau babu alkawarin da ya ɗaure ni. Mutanen Bungudu, musamman ku da aka tozarta, wallahi an zalunce ku, kuma kuna da haƙƙin sanin ta inda aka cuce ku. Ta 'yar na'urar wayifai da ke bayan teburin ɗakin gwaji aka shiga, wani ne daga waje, wanda har yau ba a neme shi ba domin an samu wadda za a ɗora wa. Injiniya Mahadi Jatau ya gano haka, ya nuna mini da idona, kamfanin da ya yi na'urar ya amsa kuskurensa a rubuce. Duk mai shakka ya zo ofishinmu a Gusau in nuna masa, ya zo da injiniyan da ya ga dama. Masu irin wannan na'ura kuma ku sabunta manhajarku ko ku cire ta, ku daina kashe sabuntawa don tsimin data. Mutum ya ƙare kwanakinsa yana tsare muku ƙofa, kada ku bar ta a buɗe.

Har yanzu ban yarda ka kyauta da ka ƙara musu wa'adi ba, Mahadi. Da kana nan da mun ci gaba da musu. Amma na shaida ba ka yi shiru don tsoro ko don neman suna ba, ka yi ne don mutanen da ba su ma san kana kare su ba, kuma shirun ya ci ka kafin ya ci kowa.

Ya Allah, bawanka Mahadi ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya rufa asirin bayinka, ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Yelwa, Allah ya ba ki haƙurin rashin ɗa mai jin ƙanki. Ga Hafsatu da yara, Allah ya zama gatanku, ya raya su a kan halin ubansu. Ga dangi na Ruwan Bore, da maƙwabta na Tudun Wada, da 'yan sana'armu, Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Ta'aziyyata ta ƙarshe ga Malam Arzika ce. Baba, wanda ya yi maka alkawarin zai faɗa gaban kowa bai samu iko ba, ƙasa ta rufe masa ido. Na faɗa a madadinsa. Ka koma majalisarka ka zauna, ɗiyarka Saude ba ta ci amanar kowa ba.